Yayana ya rasu a haɗarin mota: ta yaya zan gane lauyan da ya san wannan aikin?

Telan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dole ta sa.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu wata bakwai da suka wuce a hanyar Techiman, tsakanin Akomadan da Abofour. Sana'arsa sarin doya, yakan je kasuwar Techiman ya yi lodi ya kawo Kumasi. Ranar yana zaune gaba kusa da direban motar da ya ɗauka haya, sai wata tirela ta bar hannunta za ta wuce wata mota, ta yi gaba da gaba da su. Direban ya tsira da karaya a cinya. Shi Yaya ko asibiti bai kai ba. Muka yi masa sutura a maƙabartar Tafo. Ya bar mata ɗaya da yara huɗu, babbar tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ƙaramin ba a yaye shi ba. Ga kuma Innarmu, wadda shi ne yake ɗauke da cinta da maganinta na hawan jini.

Ranar sadakar bakwai mutane iri biyu suka zo mana. Na farko wakilan mai tirelar ne, da buhun shinkafa da sidi 5,000, suka ce gaisuwa ce, amma sun zo da wata takarda ta Turanci suna son a sa hannu. Na ce a bari matar ta fita takaba tukun. Na biyu wani mutum ne da jaka a hammata, ya ja ni gefe ya ba ni kati, ya ce yana aiki da wani lauya, su za su karɓo mana kuɗin inshora, nasu kashi 40 cikin 100. Ban san wanda ya gaya masa gidanmu ba. Har yau yana kirana.

Kawunmu ya ce a bar maganar, ƙaddara ce, kuɗin jini ba ya albarka. Ni kuma kullum na ga yaran nan da safe sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ɗinkina bai isa ya riƙe gida biyu ba, gaskiya ke nan.

Wata 'yar uwarmu da ke Ingila ta ce a can akwai wata shaida ta musamman da ake ba lauyoyin da suka ƙware a shari'ar wanda haɗari ya kashe, ta ce in nemi mai irinta. Shin akwai wannan a Ghana? In babu, da me zan auna lauya kafin in damƙa masa haƙƙin marayu? Kuma lokaci bai ƙure mana ba?

'Yar Tafo a Luton ta amsa:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yayanka, ya raya abin da ya bari.

Abin da 'yar uwarku ta faɗa gaskiya ne, na san shi domin na raka wata ƙawata da mijinta ya rasu a wurin aikin gini. A nan Ingila akwai ƙungiyar lauyoyin da ke tsaya wa waɗanda aka ji wa rauni, sunanta APIL, an kafa ta a 1990. Tana ba lauya shaida mataki-mataki gwargwadon gogewarsa, sannan tana da shaida daban ga fannoni masu nauyi, kamar raunin ƙwaƙwalwa, raunin laka, da shari'ar mutuwa a haɗari. Kafin a ba mutum sai ya nuna irin shari'o'in da ya riƙe da hannunsa, wasu manyan lauyoyi su shaide shi, kuma ya ci gaba da zuwa horo. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma dole ba ce. Lauyan da ba shi da ita yana iya karɓar ƙararka. Amfaninta shi ne, mai makoki da ba ya cikin hayyacinsa ya sami abin dubawa.

Amma ƙanena, kada ka ɗauka komai na nan zinariya ne. Dokarsu ta 1976 ta yanke kuɗin jimamin rashi a fam 15,120 tun daga 2020, ba ƙari ba ragi, kuma ba kowa ake ba ba. Ɗan uwa kamarka ba ya ciki. Babban kuɗin yana fitowa ne daga lissafin abin da mamacin yake kashe wa iyalinsa, a nan ne ake gane lauyan da ya iya da wanda bai iya ba. Shaidar APIL kuma a nan take aiki, ba za ka same ta a ofisoshin lauyoyi na Adum, tsakiyar birnin Kumasi, ba. Bari waɗanda ke gida su faɗi yadda abin yake.

Tsohon Akawu, Asawase, ya amsa:

Allah ya gafarta masa. Ɗana, shekara 26 na yi ina akawu a ofishin lauyoyi a Adum kafin idona ya sa na ajiye. Ni ba lauya ba ne, amma fayil irin naku ya bi ta hannuna ba adadi, don haka ka saurare ni.

A Ghana lasisin lauya iri ɗaya ne. Hukumar da ke kula da aikin, General Legal Council, an kafa ta da dokar aikin lauya ta 1960, Alƙalin Alƙalai ne shugabanta. Ita ke shigar da sunan mutum cikin lauyoyi, ita ke ba shi lasisin aiki, ita ke hukunta shi in ya ci amana. Wanda ke shari'ar fili, da mai shari'ar saki, da mai shari'ar haɗari, duk takarda ɗaya ce a hannunsu. Hatimin da 'yar uwarku take magana, wanda zai ce wane ya ƙware a shari'ar mutuwa, ba za ka gan shi rataye a bango ba. Wannan ya daɗe yana damuna. Likita in zai fiɗe ka sai ya yi karatun fiɗa, amma haƙƙin marayu huɗu kowa yana iya ɗauka.

To tunda babu, kai ne za ka zama mai tantancewa. Fara da lasisin. Kowace shekara ake sabunta shi, kuma yana da lamba da lauya ke rubutawa a kan takardun da ya shigar kotu. Ka ce masa, "Lauya, ina son lambar lasisinka ta bana." Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Kada ka raina wannan: a 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da lauya marar lasisi mai aiki ya shigar ba ta da ƙarfi. Ka ga ke nan za a iya shekara biyu ana shari'a, a wayi gari a ce komai ya rushe, lokaci kuma ya tafi.

Maganar lokaci ita ce ta fi tsorata ni a rubutunka. Dokar da ta ba iyalan mamaci damar neman diyya ita ce ta 1963, lamba 176. Shekara uku ta ba ku daga ranar rasuwa. Kun ci wata bakwai. Mutanenmu na Zango a nan muke faɗuwa: a yi takaba, a yi ta haƙuri, kamfanin inshora ya ce ku dawo wata mai zuwa, a koma, a sake cewa ku dawo. Zuwa ofishin inshora ba ya tsayar da wa'adin, shigar da ƙara a kotu ne ke tsayar da shi. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta zo mana da takardunta cif a cikin leda, shekara uku da wata biyu bayan rasuwar mijinta. Maigidana ya duba kwanan wata ya yi shiru. Ni aka sa in yi mata bayani da Hausa. Har gobe ina ganin fuskarta.

Wani abu kuma, ƙara ɗaya tak doka ta yarda a yi saboda mutuwa ɗaya, a madadin duk waɗanda mamacin yake ɗauke da su. In aka manta da sunan Innarku a ciki, ba za ta dawo daga baya ta buɗe tata ba. Wanda kotu ta ba takardar izinin kula da abin da mamaci ya bari, wadda mu a ofis muke kira LA, shi ke shigar da ƙarar. In wata shida ta wuce ba a sami wannan mutumin ba, ko an samu bai yi komai ba, iyalan da kansu suna iya shigarwa. Ku kun riga kun wuce wata shidan.

In ka zauna gaban lauya, ka lura da tambayoyin da shi zai yi maka, sun fi waɗanda kai za ka yi masa nuna maka ko wane ne. Wanda ya san aikin zai tambayi shekarun Yayanka, shekarun kowane yaro, nawa yake bayarwa na cefane, wa ke biyan kuɗin makaranta da haya, sau nawa yake zuwa Techiman a wata. Zai ce ka kawo littafin bashinsa, da bayanin kuɗin da ke shiga asusunsa na waya, wato MoMo, da shaidar shugabannin 'yan doya, domin ɗan kasuwa ba shi da takardar albashi, dole a gina hujjar samunsa daga irin waɗannan. Zai tambayi rasit na kuɗin jana'iza, domin shi ma ana nema. Zai kuma san cewa in an shigar da ƙara a kan direba da mai mota, akwai ɗan gajeren wa'adi na sanar da kamfanin inshorarsu, in aka yi sake kamfanin ya sami ƙofar zillewa. Wanda tun zaman farko ya ambata maka miliyan kaza bai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka ɗauki hularka.

Kai kuma ka tambaye shi shari'ar mutuwa nawa ya kai ƙarshe, nawa aka sasanta, nawa aka kai ga hukunci. Ka tambaye shi ko yana yi wa kamfanin inshorar tirelar aiki, domin lauyoyi da yawa suna cin abinci a wurinsu. Maganar lada a rubuta ta, a sa hannu, ka riƙe kwafi. Ƙungiyar lauyoyin Ghana tana da jadawalin lada, ka ce a nuna maka.

Mai katin nan kuwa, ka daina ɗaukar wayarsa. Ƙa'idar aikin lauya ta hana farautar masu ƙara ta hannun 'yan kamasho. Lauyan da ya aiko mutum gidan makoki ya riga ya nuna maka yadda yake ɗaukar ƙa'ida. Takardar mai tirela ma kada kowa ya sa mata hannu ko ya dangwala yatsa sai lauyanku ya karanta.

Direban Suame ya amsa:

Allah ya sa ya huta. Baba Akawu ya gama magana, ni abin da na sani na hanya zan ƙara. Ka samo lambar tirelar ka danna *920*57# a wayarka, za ka ga ko tana da inshora a rumbun hukumar inshora ta ƙasa, NIC. Amma abin da za ka gani na yanzu ne, kai kuma na ranar haɗarin kake buƙata, wannan yana cikin rahoton 'yan sandan hanya, MTTD, na yankin da abin ya faru. Ka je da kanka ka nemi rahoton, da zanen wurin, da sakamakon gwajin motar da hukumar lasisin direbobi da motoci, DVLA, ta yi. In ta tabbata ba ta da inshora, NIC tana da asusun tallafa wa waɗanda mota marar inshora ko wadda ta gudu ta buge, sai dai abin da ke fitowa daga can bai kai na kotu ba.

Kuma ka je ka duba direban da ya karye. Shi ne idonku. Mu direbobi yau muna Kumasi gobe muna Bawku, in ya warke ya canja lamba sai Allah.

Malamin Allo, Sawaba, ya amsa:

Allah ya jiƙansa da rahama. Ni maganar Kawu zan taɓa, cikin girmamawa, domin na san da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Yarda da ƙaddara wajibi ne, ba mai jayayya. Amma Allah da ya ƙaddara mutuwa shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda ya ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai diyya da za a miƙa wa iyalansa, sai in su ne suka yafe. Da kuɗin ba shi da albarka da Alƙur'ani bai sa shi ba. Yafewa alheri ce ga baligi a kan rabonsa. Innarku tana iya yafe nata, matar tana iya yafe nata. Rabon yara huɗu kuwa dukiyar marayu ce, kawu ko baffa ba shi da ikon kyautar da ita don a ce gidansu gidan haƙuri ne. Ka sami limaminku ku je wurin Kawu tare, kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka ɗaga masa murya.

Maman Biyu, Nima, ta amsa:

Ƙanena, sannu. Ni abin ya faru a kaina, mijina mota ta buge shi yana kan babur shekara biyar da suka wuce. Ba zan ba ka labarin duka ba, zan faɗi inda na sha wuya ne domin matar Yayanka ta tsira.

Lauyana na farko lasisinsa lafiya lau, mutum ne mai fara'a, amma aikinsa filaye ne, ban sani ba sai daga baya. Wata goma sha huɗu fayil ɗina yana kan teburinsa. Kullum na je sai ya ce yana jiran kamfani. Da na karɓe takarduna na kai wa wata lauya mace, zaman farko ta tambaye ni takardar aure. Na ce an ɗaura a masallaci gaban jama'a, da goro da sadaki, me ya rage? Ta ce dokar rajistar auren Musulmi mako ɗaya ta bayar a yi rajista, mu kuwa yawancinmu ba ma yi. Ba ta ce aurena babu ba, amma sai da muka nemo limamin da ya ɗaura da waliyyina suka yi rantsuwa a rubuce. Biyu daga cikin yarana ba su da takardar haihuwa, sai da aka yi musu. Sunan mijina a katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana daban da yadda aka rubuta a takardar mutuwa, harafi biyu kacal, wannan ma ya ci mana wata guda. Duk waɗannan na farkon bai taɓa tambaya ba.

Saboda haka tun yau ku tara takardar shaidar mutuwa, da takardar likita mai faɗin sanadin rasuwa, da takardun haihuwar yara, ku duba sunaye harafi-harafi. Kuma don Allah ku riƙa tafiya da matar. Mu mata sau da yawa maza ke zuwa ofis a madadinmu, sai dai mu ji an ce an gama. Ita ta san nawa yake ba ta na cefane, kai ba ka sani ba. Ku tambayi lauya tun yanzu yadda za a adana rabon yara har su girma, a gaban kowa, domin zumunci ya fi lalacewa ranar da kuɗi ya fito.

In kuɗin fara shari'a ya gagara, akwai hukumar taimakon shari'a ta gwamnati, Legal Aid, suna da ofis a Kumasi. Akwai layi, amma ku gwada.

Telan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na karanta wa matar Yaya duk abin da kuka rubuta, ta yi kuka, daga baya ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi da ban san da shi ba. Ashe Yaya yana rubuta kowane lodi, ƙwarya nawa ya saro, nawa ya biya mota, wa ya ci bashi. Shekara uku ke ciki da rubutun hannunsa.

Na je wurin direban a Tafo, yana takawa da sanda, ya ce duk ranar da aka kira shi zai zo. Malam, limaminmu ya yarda za mu je wurin Kawu ranar Juma'a bayan sallah. Aurensu ba a yi masa rajista ba, kamar yadda Maman Biyu ta yi hasashe, amma limamin da ya ɗaura yana raye.

Na sami sunan lauyoyi biyu, ɗaya ta hannun shugaban 'yan doya, ɗaya ta hannun wani maƙwabci da aka taɓa biyansa kuɗin karaya. Baba Akawu, tambaya ɗaya ta rage. Shinkafar da kuɗin da wakilan mai tirela suka kawo, Kawu ya karɓa an yi sadaka da su, ba mu dai sa hannu a komai ba. Wannan zai ɓata mana ƙara?

Tsohon Akawu, Asawase, ya amsa:

Tunda ba a sa hannu ba hankalina ya kwanta, amma kada ka ɓoye wa lauya. Ka rubuta ranar da suka zo, su nawa ne, nawa suka kawo, me suka ce, da waɗanda ke zaune a wurin, ka ba shi tun zaman farko. Littafin Yayanka kuma ka yi masa hoto shafi-shafi kafin ya bar gida, kwafi za ka kai, asalin ya zauna wurin matar.

Ka ga lauyoyin duka biyu kafin ka zaɓa. In kana so, ranar Litinin da ƙarfe tara ka same ni a bakin babban masallacin Kumasi mu tafi Adum tare. Idona ba ya karanta ƙananan rubutu yanzu, sai ka zo da wanda zai karanta mana.